Yadin ulu na waje ne ya rufe masaƙun Yorkshire, ko da sauran magana?

Sani_Bradford:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masana tattalin arziki da 'yan kasuwar da ke cikinmu. Garin da nake zaune, Bradford a yankin Yorkshire da ke arewacin Ingila, shi ne a da ake yi wa kirari da babban birnin ulu na duniya. Har gobe duk inda ka ɗaga kai dogayen bututun masaƙu kake gani, sai dai babu hayaƙi. Masaƙar Salts da aka buɗe a 1853 da ma'aikata wajen 3,000 ta tsaya a 1986, yanzu shaguna ne a ciki da zauren nuna zane-zane. Ginin kasuwar ulu da ke tsakiyar gari ya koma kantin littattafai. Dattawan da muke salla tare, yawanci 'yan Pakistan da suka ƙare ƙuruciyarsu a aikin masaƙa, bakinsu ɗaya: yadin waje ne ya cinye su, musamman na Italiya, gwamnati kuma tana ji tana gani ta ƙi rufe ƙofa. Ni dai maganar ta zauna mini. Ina ganin da an hana shigo da yadin nan da mutane ba su rasa aikinsu ba. Me kuka gani?

Aminu_Tudun_Wada:
Wa alaikumus salam. Ai wannan ba ta buƙatar dogon bayani. Duk yadin da aka sauke a tashar jirgin ruwa, wani magidanci ne a cikin gida aka ce ya koma ya zauna.

Malam_Tarihi:
Malam Sani, dattawanka ba su fara wannan kukan ba, gado suka yi. Babu sana'ar da Ingila ta kare da doka kamar ulu. Shugaban majalisar dattawansu har yau a kan wani ƙaton matashi da aka cusa wa ulu yake zama, don tunawa da abin da ya gina arzikin ƙasar. A 1666 da 1678 sun yi dokar da ta ce ba a binne mamaci sai a cikin likkafanin ulun Ingila, wanda ya saɓa tarar fam biyar. Da atamfar auduga ta Indiya ta fara ɗauke musu kasuwa, sai suka taƙaita shigo da ita a 1700, suka ƙara tsanantawa a 1721 har sa ta ya zama laifi. Sai da suka yi ƙarfin da babu mai ja da su sannan suka fara yi wa duniya wa'azin a buɗe kasuwa.

Abin da ya fi kusa da tambayarka shi ne shekarun 1920. A lokacin sama da mutum 200,000 ke cin abinci a sana'ar ulu, kuma yadin mata mara nauyi daga Faransa yana shigowa da araha saboda kuɗin Faransa ya faɗi, fam kuma an ɗaure shi da zinariya a 1925 ya yi tsada. Masu masaƙu suka nemi a sa haraji, ba su samu ba. A 1930 suka juya kan ma'aikata suka rage albashi, aka yi makonni ƙofofi a rufe, a ƙarshe ragin ya tabbata. Sai a Nuwamba 1931 aka yi dokar gaggawa, aka ɗora harajin kashi 50 cikin ɗari a kan kayayyaki da dama har da yadin ulu. Shigowar yadin ta faɗi warwas, injuna suka koma aiki. To ka ga akwai lokacin da rufe ƙofa ya yi amfani.

Ummu_Khalil:
Innalillahi. Har likkafani sai da suka sa wa doka don kare sana'arsu? Mu kuwa likkafanin da muke sa iyayenmu ma daga waje ake kawo shi.

Injiniya_Bichi:
Malam_Tarihi, Allah ya ƙara ilimi, amma akwai abin da ka tsallake. Wata biyu kafin wannan harajin, a Satumba 1931, Birtaniya ta kwance fam daga zinariya, darajarsa ta sauka sosai. Wannan kaɗai ya sa kayan waje suka yi tsada, nasu kuma suka yi araha a kasuwannin duniya. Ta yaya za mu ware mu ce haraji ne ya yi aikin?

Kuma zamanin dattawan Malam Sani daban ne. Ni aikina injuna ne, bari in yi magana ta nan. Tsohuwar injin saƙa mai ƙoshiya, mutum ɗaya 'yan kaɗan yake iya tsarewa. Da aka kawo sababbi marasa ƙoshiya, sauri ya ninka, mutum ɗaya ya riƙe layi guda. Ko ƙyalle ɗaya bai shigo daga Italiya ba, masaƙar da ta sayi sabuwar injin sai ta sallami mutane, wadda ta ƙi saya kuma sai ta mutu gaba ɗaya. Ga zaren roba, su nailan da foliyesta da akirilik, da suka zo suka raba kasuwa da ulu. Ga gidaje da motoci sun samu na'urar ɗumama ɗaki, mutane suka daina sayen kwat mai nauyi. Matasa suka koma wandon jins. Wannan duk ba kwastam ce za ta tare shi ba.

Aminu_Tudun_Wada:
Injiniya, idan mutane sun daina sa ulu, me ya sa na Italiya yake ƙaruwa a shagunan Ingila a daidai wannan lokacin? Ai da shi ma ya mutu.

Injiniya_Bichi:
Tambaya mai kyau, Malam Aminu. Kasuwar ce ta tsuke, sannan 'yar da ta rage Italiya ta fi su iya cin ta. Ban ce shigo da kaya bai yi ɓarna ba. Cewa na yi ba shi kaɗai ba ne.

Abba_Toscana:
Tunda an ambaci Italiya bari in sa baki, don a kusa da Prato nake, garin da mutanen Yorkshire suka fi tsinewa ke nan. Yana dab da Florence. Sirrinsu tsumma ne. Ana kawo tsofaffin kayan ulu dila-dila daga ko'ina a duniya, akwai gwanayen da aikinsu kawai su zauna su ware su launi-launi da hannu, a cire maɓalli da zif, a yayyaga a mayar da shi gashi, a sake kaɗawa. Tunda an riga an ware launi, ba sai an kashe kuɗin rini ba. Kuma ba wata babbar masaƙa ɗaya ba ce. Wannan gidan kaɗi yake yi, na gaba saƙa, na can wanki da guga, uba da uwa da 'ya'ya duk suna kan injin. Idan yayi ya canza, cikin 'yan makonni sun juya. 'Yan majalisar Yorkshire sun yi ta ƙorafi a shekarun 1970 cewa mutanen Prato ba sa biyan haraji da kuɗin inshorar ma'aikata yadda ya kamata, shi ya sa kayansu ke araha.

Abin da zai ba ku mamaki, wannan sana'ar ta mayar da tsumma yadi a Yorkshire ɗin aka ƙirƙiro ta, a Batley, wajen 1813. Batley da Dewsbury da ita suka yi arziki, su ne masu barguna da kayan soja. Wato da makaminsu aka yaƙe su.

Sani_Bradford:
Malam Abba, to me ya hana gwamnatin Ingila ta yi musu irin na 1931?

Malam_Tarihi:
Hannunta a ɗaure yake. Birtaniya ta shiga kasuwar bai-ɗaya ta Turai a 1973, Italiya kuma tana cikin waɗanda suka kafa ta. Ba ka da ikon sa wa ɗan ƙungiya haraji. An yi yarjejeniyar cinikin yadi ta ƙasa da ƙasa, MFA, a 1974 wadda ta ƙayyade yawan yadi da tufafin da za a shigo da su, amma ƙasashe masu tasowa ta shafa, irin su Hong Kong da Koriya ta Kudu da Indiya. Prato ba ta ciki.

Injiniya_Bichi:
Sannan a ƙara da abin da ya faru daga 1979. Kuɗin ruwa ya kai kashi 17 cikin ɗari a ƙarshen shekarar, man fetur na Tekun Arewa ya ɗaga darajar fam. Mai masaƙa ga bashin banki ya yi masa nauyi, ga kayansa sun yi tsada a waje, ga na waje sun yi araha a gida. Zuwa farkon 1982 marasa aiki a ƙasar sun haura miliyan uku, kuma ba masu ulu kaɗai ba, har masu ƙarfe da masu ƙera motoci. A wannan shekarar ce babbar masana'antar kafet ta Crossley da ke Halifax ta rufe.

DanKakuri:
Ina karanta ku tun ɗazu hawaye na neman zubo mini. Ku kuna maganar Bradford, ni Kakuri nake gani. Mahaifina ma'aikacin ɗaya daga cikin masaƙun Kaduna ne. Na tashi ina jin jiniyar canjin aiki, in ga kekuna sun cika titi, masu abinci da masu shayi da masu faci duk suna samu. Ranar da aka rufe, ba wanda ya kira su ya yi musu bayani, kwaɗo kawai suka tarar a ƙofa. Baba ya yi ta zirga-zirgar neman haƙƙinsa na sallama har Allah ya karɓi ransa bai gani ba. Yayyena biyu sun bar makaranta. Don haka duk wanda zai ce mini wai injin ne, wai yayi ne, ina jinsa, amma na san ranar da atamfar Sin ta cika kasuwa, kuma na san abin da ya biyo baya a gidanmu.

Ummu_Khalil:
Allah ya jiƙan Baba, ya sa haƙƙinsa ya zame masa nauyi a mizani. Amin.

Sani_Bradford:
Amin ya Allah. Ɗan'uwa, Allah ya ba ku haƙuri.

Malam_Tarihi:
Allah ya gafarta masa. Akwai ma igiyar da ta haɗa wuraren biyu. Masaƙar farko ta Kaduna, KTL, da ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Lancashire aka kafa ta, maƙwabtan Yorkshire. Turawan sun ga kasuwar da suke kawo wa kaya za ta kuɓuce musu, sai suka zo suka kafa injin a cikinta. Daga baya UNTL ta zo da jarin 'yan Hong Kong, Arewa Textiles da na Japanawa.

Garba_Mai_Tumaki:
Jama'a a yi hattara kada a cakuɗa. Na Kaduna auduga ce, tambayar Malam Sani ulu ce. Mu tumakinmu, Yankasa da Uda da Balami, gashi gare su, ba a sausayarsu a yi zare. Mulufi da jauhar da ake ɗinka alkyabbar sarakuna tun zamanin fatake ta Sahara ake kawo su. A ɓangaren ulu mu masu saye ne tun asali, babu masaƙar da aka kashe mana.

Hajiya_Kwari:
Gaskiyarka Malam Garba, amma ciwon iri ɗaya ne, kuma tunda ana ta zagin masu shigo da kaya bari mu ma a ji namu. Ni a Kantin Kwari nake kasuwanci, kuma na sayar da atamfar gida lokacin da ake yin ta. Ba ƙiyayya ta sa muka bari ba. Mace za ta zo da kuɗin da ba su kai ba, tana da yara biyar da za ta yi wa kayan salla. Ga turmin gida, ga na waje a rabin kuɗin, zanen ma an kwaikwaya. In ce mata ta sayi mai tsada don kishin ƙasa? Ita ma talaka ce kamar ma'aikacin masaƙar. Kuma ku tuna yara nawa ke cin abinci a kasuwar nan, daga masu dako zuwa masu shago zuwa direbobi. In aka rufe ƙofa yau ba tare da an tanadi kayan gida mai araha ba, su ma zaman kashe wando za su koma. Na tabbata matar Bature mai sayen kwat ɗin ɗanta a Ingila lissafin da ta yi ke nan.

DanKakuri:
Hajiya, ban zarge ki ba wallahi. Amma matar nan mai yara biyar, da mijinta yana da albashi ai da kuɗinta sun kai. Araha ba ta da amfani ga wanda aljihunsa babu komai.

Issoufou_Maradi:
Ina gaishe ku daga Nijar. Masu cewa a rufe ƙofa, wace ƙofar? Ingila tsibiri ce, in ta ce kada kaya su shiga tana iya tsare tashoshinta. Najeriya ta sha hana shigo da yadi, an hana an buɗe an sake hanawa. Duk lokacin da aka hana, kaya sai su sauka a Kwatano, su hau mota su zo nan a matsayin masu wucewa, su kwana a sito, da dare su bi ta daji su shiga. Kowa a Maraɗi ya san wannan. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da yadi dala a farashin gwamnati, a watan Agusta kuma aka rufe iyakoki sama da shekara. Masaƙa nawa ta tashi a Kakuri saboda haka? Mai saƙa da janareto da baƙin mai ba zai taɓa kamo mai saƙa da wutar da ba ta ɗaukewa ba.

Nura_Kd:
Ni dai na ga hoton masaƙar Lister a Bradford, girmanta ya ba ni tsoro. A ce wurin ulu kamar wannan ya mutu saboda 'yan tsummokaran Italiya?

Bintu_Leeds:
Yaya Nura, Lister siliki da karan-miski aka fi saninta da su, ba ulu ba. Kuma labarinta ya juya tambayar Yaya Sani ta wata fuskar. A 1890 Amurka ta ɗora haraji mai nauyi a kan kayan waje, wanda ake kira harajin McKinley, don ta kare nata ma'aikatan. Lister ta rasa kasuwarta ta Amurka, ta zabtare albashi, ma'aikata suka shiga yajin aiki daga Disamba 1890 har Afrilu 1891, suka sha kaye. Daga wannan zafin ne aka kafa jam'iyyar ma'aikata mai zaman kanta a Bradford a 1893. Wato Yorkshire ta ɗanɗana duka biyun: ta ji zafin a buɗe ƙofarta, ta kuma ji zafin wani ya rufe tasa. Garin da rayuwarsa ta dogara da sayar wa duniya kaya, in ya rufe ƙofa wasu ma za su rufe masa.

Sannan sana'ar ba ta mutu ƙurmus ba. Masu masaƙar Hainsworth a garin Pudsey tun 1783 suke, su ke saƙa jan yadin da dogaran fadar Buckingham ke sawa. Masu masaƙar Abraham Moon a garin Guiseley suna nan tun 1837. Huddersfield har yau sunanta na sayar da yadin kwat mai tsada. Waɗanda suka tsira su ne suka bar gasar araha suka koma kayan masu kuɗi. Matsalar ita ce ɗaruruwa suke ɗauka a inda a da ake ɗaukar dubbai.

Tela_Sabon_Gari:
Anti Bintu, wannan sunan ma an sace shi. Ni tela ne, kwat da safari nake ɗinkawa. Sau da yawa mutum zai kawo mini yadi yana alfahari, an rubuta a gefensa cewa ulu ne tsantsa daga Ingila, har da Super 150, lambar da ke nuna sirantar gashin ulun. Ina zare silin zare ɗaya in kusantar da ashana. Ulu na gaske warin ƙonannen gashi yake yi, ya zama toka mai murmushewa. Wannan kuwa sai ya narke ya dunƙule. In na faɗa wa mai shi wani ya gode, wani ya ji haushina.

Garba_Mai_Tumaki:
To su makiyayan Ingila fa? Ko su sun tsira?

Bintu_Leeds:
Ina! Malam Garba, akwai shekarun da kuɗin da makiyayi ke samu a gashin tunkiya bai kai ladan mai sausaya ba, musamman a 2020 lokacin korona. Dole ce ke sa su yi saboda lafiyar dabbar. Hukumar da ke tattara ulun tana nan Bradford, yawancinsa kuma kafet ake yi da shi don yana da kaushi. Ulu mai laushi na kwat daga Ostireliya yake zuwa tun da can, yanzu kuma mafi yawansa Sin ake kai shi a wanke a kaɗa.

Abba_Toscana:
Su ma mutanen Prato abin ya zagayo kansu. Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, ƙayyade kaya na MFA ya ƙare a farkon 2005, masaƙun iyali da yawa suka rufe. Yanzu dubban 'yan Sin ne a garin suna ɗinka kayan yayi masu araha, a manna musu tambarin Italiya. A Disamba 2013 gobara ta kashe ma'aikata bakwai 'yan Sin da ke kwana a cikin wata masana'anta. In ka zauna da tsofaffin Prato, kalmomin da dattawan Malam Sani ke faɗa a kansu su suke faɗa a kan Sin.

Aminu_Tudun_Wada:
To ai kun dawo kan maganata. Kowa ya buɗe ƙofa wanda ya fi shi araha ya shigo ya kashe shi.

Sani_Bradford:
Na ƙaru ƙwarai, amma akwai abin da har yanzu bai kwanta mini ba. Ko na yarda da Injiniya cewa injin da yayi da tsadar fam duk suna ciki, wa ya ɗauki nauyin? Mutanen nan an ɗebo su daga Mirpur, a ɓangaren Kashmir da ke hannun Pakistan, a shekarun 1950 da 1960 saboda doka ta hana mata aikin dare, masu masaƙu kuma suna son injin ya kwana yana juyawa. Sun riƙe aikin dare shekara da shekaru, babu wanda ya koya musu wata sana'a ko ingantaccen Turanci. Da aka rufe, sai tasi da gidan abinci. 'Ya'yansu suka taso a unguwannin da babu aiki, kuma kowa ya ga tarzomar unguwar Manningham ta Bradford a 1995 da ta 2001. Mai sayen kwat ya samu rangwame, mai masaƙa ya sayar da gini, ma'aikaci fa?

Injiniya_Bichi:
Nan kam muna tare, Malam Sani. Inda muka rabu shi ne maganin. Ni a ganina haraji lokaci kawai yake saya maka. In ka yi amfani da lokacin ka sabunta injin, ka gyara wuta, ka horar da mutane, ya yi amfani. In ka kwanta a bayansa, ranar da aka cire shi faɗuwar ta fi muni.

Malam_Tarihi:
Akwai hanya ta uku da ba a ambata ba. Mutanen tsibiran Hebrides a Scotland sun samu doka a 1993 cewa ba a kiran yadi Harris Tweed sai an saƙa shi da hannu a gidan ɗan tsibirin, da ulun da aka rina aka kaɗa a can. Ba a hana kowa shigo da komai ba, suna kawai aka kare, kuma sana'ar tana raye.

Hajiya_Kwari:
Malam, wannan ai kayan masu hali ne. Mutum nawa zai ɗauka aiki? Ni tambayata ga masu son a rufe ƙofa har yanzu ba a amsa ba: a shekarun da za a ɗauka kafin masaƙun gida su tashi, wa zai cike wa mai yara biyar ragowar kuɗin turmi?

DanKakuri:
Hajiya, in gwamnati za ta iya ba masaƙa wuta da baƙin mai a farashin da mai saƙa a Sin ke samu, ragowar ba za ta kai yadda kike tsoro ba. A fara da kakin soja da 'yan sanda da na 'yan makaranta, a ce dole na gida. Ingila ma ai jan yadin dogaranta ba daga Prato take sayowa ba.

Issoufou_Maradi:
An sha faɗin haka a Abuja, Malam. A nuna mana takardar kwangilar kakin bara tukuna, mu ga inda aka saƙa shi.